Kifi ya ƙoshi ya ƙi ƙugiya, mene ne dabara?

Sani_Agege:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Tambayata ga masu fatsa ce. Lahadi uku ke nan a jere ina tashi daga Agege bayan sallar asuba in tafi Epe, in biya mai kwale-kwale ya kai ni wani lungu da ke da ciyawa a gefe. Wallahi kifi na nan. Da idona nake ganin ƙananan nan suna tsalle suna watsewa, ruwa kamar ana tafasa shi, manya na korar su daga ƙasa. Amma in na jefa ƙugiya ko kallo ba ta ishe su ba. Na sa tana, na sa hanjin kaza, na sa kifin roba da ɗan yayana ya aiko mini daga Amurka, duk shiru. Mai kwale-kwalen ya ce sun ƙoshi ne, in haƙura sai wata biyu. Ni kuma na ce ai ba a rasa dabara. Shin gaskiya ne kifin da ya ƙoshi ba ya kamuwa da ƙugiya ko ta yaya?

Abu_Mile12:
Wa alaikumus salam. Kuɗin motar da ka kashe sau uku da ka ba ni, da na kawo maka kifi har ƙofar gida, a soye ma.

Sani_Agege:
Abu ka bari mana, ba don miya nake zuwa ba. Mutum ya kwana shida yana jin hon ɗin danfo, ai ya samu rana ɗaya ya ji shiru.

DanYauri:
Mai kwale-kwalenka ya faɗi gaskiya, Malam Sani. Ni a bakin ruwa aka haife ni. Tun muna yara a Yauri mun san lokacin da ƙananan kifi suka cika ruwa, mai ƙugiya hutu yake ɗauka. Giwan ruwa da ya kwana yana haɗiyar warangi me zai yi da tanarka guda ɗaya? Kai in ka tashi daga walimar biki aka miƙo maka garau-garau, ci za ka yi? A irin wannan lokaci iyayenmu sai su ajiye mamari su ɗauki raga. Raga ba ta tambayar kifi ko ya karya kumallo.

Injiniya_Bash:
Yaya DanYauri, da girmamawa, rabin maganarka na yarda da ita, rabi kuwa a'a. Na yi shekara huɗu ina karatu a Texas, kuma abin da ya raba ni da kewar gida shi ne fatsa. Akwai wani kifin tafki da suke kira bas, mai ƙaton baki, wanda shi ne mutanen can suka fi haukacewa a kai. Gasa ake yi ta kuɗi masu yawa, kowa ya kawo biyar mafi nauyi a auna, a mayar da su ruwa da rai. To su ma wannan matsalar taka ce ke damun su, Malam Sani, musamman in zafi ya fara sauka wajen watan Satumba zuwa Oktoba. A lokacin wasu ƙananan kifi farare masu yawo garke-garke suke shigowa cikin lunguna da bakin rafuka, bas ya bi su ya yi ta ci har ya gaji.

Abin da ya ba ni mamaki a farkon zuwana, na taɓa kama bas, ina buɗe bakinsa don in cire ƙugiya sai ga wutsiyar wani kifi a maƙogwaronsa, bai ma gama haɗiye shi ba. Wato cikinsa dam, amma ya kai wa nawa hari. Tun ranar na daina cewa yunwa ce kaɗai ke sa kifi ya ci ƙugiya. Kifi mai farauta yana da wata ɗabi'a irin ta kyanwa. Kyanwa ko ta ƙoshi, ka ja zare da gudu ta gabanta sai ta kai masa hannu kafin ta yi tunani. Haka masu bas suke yi. Su jefa ƙoton roba, su ja shi da gudu, su sa ya bugi kututture ko dutse ya karkace, ko su tsayar da shi cak sannan su fizge. A wannan karkacewar yake kai cafka. Ba ka ba shi lokacin ya duba ya gane roba ce.

Maigadi_Lekki:
Injiniya wannan ai kifin Turawa ne, ya saba da roba. Namu na Legas wayo gare shi kamar mutanen garin.

Injiniya_Bash:
Hahaha. Ai na can ya fi namu ganin roba, shi ya sa ma ya fi wuyar yaudara. Tafkin da mutum ɗari ke jefa masa abu iri ɗaya kullum, kuma duk wanda aka kama a sake shi, kifin ya ga jiya ya ga yau.

BabaSarkawa:
Yara, ku saurara. Shekarata ta haura sittin, kuma kafin in zo Ikko sayar da raguna, su ne sana'ar gidanmu. Sani, kai ka ce ka ga manya suna korar ƙanana a sama. To waɗanda ka gani ba su ne manyan ba. Matasa ne masu ƙarfin gudu. Babban kifi ba ya wahalar da kansa. Yana can ƙasa da su, ya lafe, yana jiran wanda aka ji wa rauni ya faɗo masa. Kai kuwa na tabbata a tsakiyar tafasar kake jefa ƙugiyarka, inda abinci ya fi dubu. Wa zai ga naka a cikin dubu?

Ka samo ɗan kifi mai rai irin wanda suke kora, daga ruwan nan ba daga kasuwa ba. Ka soke shi ta baya kusa da ƙaya, kada ka taɓa ƙashin bayansa. Ka ɗan yanke gefen wutsiyarsa yadda zai riƙa iyo a karkace. Ka sa 'yar darma ƙarama, ka jefa shi gefen garken, ba ciki ba, ka bar shi ya nutse a hankali. Sannan ka rufe bakinka, ka daina buga ƙafa a cikin jirgi. Ƙoshi ba ya hana kifi karɓar abin da ya zo masa a banza.

Injiniya_Bash:
Allah ya ƙara girma Baba. Wallahi abin da ka faɗa shi ne daidai abin da ƙwararrun can suke yi, sai dai su da ƙarfe. Akwai wani ƙoto kamar kan cokali mai walƙiya, a jefa shi a bar shi ya yi ta jujjuyawa yana nutsewa ƙarƙashin garken kamar kifin da ke mutuwa. Manyan bas a nan ake samun su. Ka ga Baba bai je Texas ba, Texas ce ta zo inda yake.

BabaSarkawa:
Ruwa ɗaya ne ɗana, Allah ɗaya ya halicce su.

HajiyaMaiTarwada:
Salamu alaikum. Ni ba na fatsa, amma ina kiwon tarwada a Ikorodu shekara bakwai, kullum da kifi nake kwana nake tashi. Ina so in ce muku ba duk kifin da ya ƙi ci ne ya ƙoshi ba. Ni na san ranar da zan zuba abinci su yi ta dambe a kai har ruwa ya fantsalo mini a zane, na kuma san ranar da zan zuba ya yi ta yawo a sama ba mai taɓawa, alhali jiya ma ba su ci ba. In na ga haka ba na cewa sun ƙoshi, ruwan nake dubawa. Ko ya ɓaci yana bukatar canji, ko an yi ruwan sama da dare ya yi sanyi. Kifi jininsa bin ruwa yake. Ruwa ya yi sanyi, abinci ya daɗe a cikinsa bai narke ba, sai ya rage ci. Malam Sani ka ce Lahadi uku. Ba a cikin makwannin nan aka yi ta ruwa ba dare ba rana ba?

Sani_Agege:
Haka ne Hajiya. Lahadin tsakiya ma a jiƙe na dawo. Ruwan ya yi ja, ga ciyawar nan mai shuɗin fure ta fara taruwa.

HajiyaMaiTarwada:
To ka gani. Inda ciyawar nan ta rufe, iskar da kifi ke shaƙa a ruwa raguwa take yi, ballantana da sassafe kafin rana ta fito. Ni da kai ne sai in gwada yamma.

DanYauri:
Hajiya ta kawo magana, amma ai ya ce yana ganin su suna farauta. Kifin da ruwa ya dama ba ya tsere. Ni dai ina nan kan bakata, ƙoshi ne.

Ummu_Khalil:
Ni tambayata daban ce, ku yi haƙuri. Kifin da ake kamawa a ruwan Legas ɗin nan lafiya a ci? In ka bi ta kan gadar Third Mainland ka leƙa wajen Makoko da Oko Baba ta Ebute Metta, ruwan baƙi ƙirin. Ni maigidana ya kawo kifi sai na tambaye shi daga ina.

Abu_Mile12:
Hajiya Ummu in kika bi wannan ba za ki ci komai a garin nan ba. Wuta tana kashe komai.

Malam_IdiAraba:
A'a Abu, kada ka faɗi abin da ba haka ba. Wuta tana kashe ƙwayoyin cuta, amma ba ta cire gubar ƙarfe ko ta man fetur in ta shiga naman kifi. Sai dai kuma Epe ba Ebute Metta ba ce. Can gabas ruwan ya fi tsabta, kogin Osun ma ta wajen yake shigowa, kuma gishirinsa kaɗan ne. Shi ya sa kifin kasuwar Epe yake da suna. Mutane daga cikin gari suke tafiya takanas su saya.

Maigadi_Lekki:
Ni dai abin da ba wanda ya faɗa, wani ruwan da mai shi. Akwai wuraren da in ba ka nemi izinin masu wurin ba, ka kwana kana jefawa ba abin da za ka kama. Wani abokin aikina Ba'egune, wato ɗan ƙabilar Egun masu sana'ar su, ya ce mini akwai ranakun da su kansu ba sa shiga.

Malam_IdiAraba:
Neman izinin mutanen wuri ladabi ne, wannan na yarda, don wasu wuraren ma gonar wani ce. Kun san rassan itacen nan da ake kafawa a tsakiyar ruwa, waɗanda Egun ke kira akaja? Mutum ne ya sayi itacen ya kafa don kifi ya taru ya yi ƙiba, bayan watanni ya zagaye da raga ya kwashe. Ka je ka jefa ƙugiya a nan ai ka shiga gonar mutum. Amma batun wani mai ruwa da ke hana kifi cin tana, mu bar shi kawai. Arziki na Allah ne.

Kabawa1934:
Duk wannan wahalar ta masu ƙugiya ce. Ku zo Argungu ku ga su. Homa da gora, a buga bindiga mutum dubbai su faɗa kogin Matan Fada, cikin awa ɗaya a fito da giwan ruwan da sai mutum uku sun ɗaga. Tun 1934 ake yi, ba a taɓa cewa kifi ya ƙoshi an ɗaga biki ba.

DanYauri:
Kabawa ai don an hana kowa taɓa wurin shekara guda ne. Ka bar kowane ruwa shekara ba su, ko da kwando ka shiga ka kama.

Kabawa1934:
To ai ita ce dabarar, ku kuka kasa.

Sani_Agege:
Jama'a kun kai ni Kabi kun baro ni a Epe. Injiniya, don Allah dawo kan robar nan. Abin da yaron ya aiko mini kala uku ne. Akwai mai kamar kifi da ɗan harshe a gaba, tsawonsa ya kai tafin hannuna. Akwai tanar roba mai laushi, koriya. Akwai kuma wani mai ƙarfe biyu da ke juyawa da gashi-gashi kamar tsintsiya. Ni duk jefawa nake in jawo a hankali kamar mai jan guga.

Injiniya_Bash:
Yauwa, ga matsalar nan. Na farko, mai harshen ya yi girma in dai ƙananan da ake kora ba su wuce yatsa ba. Abu na farko da masu bas ke dubawa shi ne girman abin da kifi ke ci a ranar. Wani har buɗe bakin na farkon da ya kama yake yi ya ga me ya amayo. In yatsa suke ci, ka ba su yatsa. In kuma ka ba su daidai irin nasu suka ƙi, to sai ka juya gaba ɗaya ka ba su abin da ya bambanta, mai ƙara ko mai launi mai ƙarfi, don ya fita daban a cikin taro. Na san kamar maganar ta ci karo da juna, amma haka abin yake, gwadawa ake yi.

Mai ƙarfe biyun nan shi ne na ruwan da ya yi ja irin wanda ka ce. Kifi yana da wani layi a gefen jikinsa daga kunne zuwa wutsiya, in ka duba karfasa ma za ka gan shi. Da shi yake jin motsin ruwa ko bai ga abu ba. Ƙarfen in yana juyawa girgiza yake aikawa. Ka jefa shi ya wuce bakin ciyawa, ka jawo shi da ɗan sauri yana gogar ciyawar, ka ɗan saki ya faɗi, ka ci gaba. Jan guga ba ya tayar wa kowa da hankali.

Ita kuwa tanar roba akasin haka take so. Siririn zare, ƙaramar ƙugiya, ka soke ta a tsakiya yadda kai da wutsiya za su riƙa rawa, ka jefa kusa da inda kake zaton ya lafe, ka bar ta ta nutse da kanta. Kada ka yi komai. Na taɓa ƙirga har talatin a zuciyata kafin in motsa. Wani dattijo Bature da muke haɗuwa a bakin tafki, kullum da kujerarsa ta ninkewa da rediyo, shi ya ce mini in na ji kamar na yi jinkiri da yawa, to in ƙara. Ranar da na bi maganarsa zaren kawai na ga yana tafiya gefe shi kaɗai, ko fizga ban ji ba.

Amma fa in gaya maka gaskiya, an ƙera waɗannan ne don bas, kuma ni ban taɓa ganin bas a ruwan Legas ba. Asalinsa na Arewacin Amurka ne, duk da an kai shi wurare irin su Afirka ta Kudu da tafkin Naivasha na Kenya da Japan. Tarwada da ɗan'uwanta da Yarabawa ke kira obokun, da hanci da gashin baki suke neman abinci, roba ba ta da wari, ba ruwansu da ita. Sai dai masu farauta da ido irin su tufi, ko barakuda, dogon kifin teku mai haƙora, in ka matsa wajen ruwan gishiri.

Abu_Mile12:
Shi wannan bas ɗin da ake ta zuzutawa kilo nawa yake kaiwa ne?

Injiniya_Bash:
Wanda aka rubuta a matsayin mafi girma kilo 10 ne da ɗan ɗoriya. An kama shi a jihar Jojiya a 1932, sai a 2009 wani Bajapane ya kamo kwatankwacinsa a tafkin Biwa.

Kabawa1934:
Kilo goma? Shekara saba'in da bakwai ana neman kilo goma? A Argungu wannan ko sikeli ba za a kai shi ba, yara za a ba su kai gida.

DanYauri:
A nan kam ni da Bakabe bakinmu ɗaya.

Dr_Zango:
Na zo a makare. Ƙari ne kan maganar Hajiya cewa ba duk ƙin ci ne ƙoshi ba. Akwai karfasar da a baki take renon ƙwai. Irin ta kogunanmu na Arewa macen ce ke ɗauka, amma mai baƙin haɓa da ta yi yawa a ruwan Legas namijin ne ke ɗauke da su, kuma duk tsawon kwanakin nan kusan ba ya cin komai. Ka sa masa tanar duniya ba zai buɗe baki ba. Shi ma bas ɗin Injiniya, lokacin da namiji ke gadin sheƙa ba ci yake yi ba, in ya cafki ƙoto korar ɓarawo yake yi. Ni a ganina wanda aka samu a wannan hali a ƙyale shi. Ka cire uba ɗaya ka kashe ɗaruruwa.

BabaSarkawa:
Likita ka yi magana. Mu da can in aka kama mai ƙwai a baki, mayarwa ake yi. Yanzu yara da ragar sauro suke su, ba babba ba yaro, sannan a zo ana cewa ruwa ya mutu.

Maigadi_Lekki:
Baba a ƙara mana da maganar sabulu, gaskiya ne tarwada na cin sa?

BabaSarkawa:
Tana ci. A yanka shi ƙanana a jera a mamari da yamma, a zo da asuba. Amma wannan maganar dare ce, ba abin da Sani ya tambaya ba.

Sani_Agege:
Salam jama'a, na dawo da rahoto. Jiya na bi shawarar Hajiya ban yi sammako ba, sai bayan azahar na isa. Na sa yaron mai kwale-kwale ya watsa birgi ya kamo mini ƙanana guda takwas muka zuba a bokiti. Na fara da mai ƙarfe biyu kamar yadda Injiniya ya ce. Jifa na wajen goma sha wani abu ya biyo shi har gefen jirgi, na ga duhun bayansa, ya juya ya tafi. Gabana sai da ya faɗi. Daga nan ciyawa ta riƙe shi, na ja na ja zare ya tsinke, ya tafi ke nan. Yaron Amurka ya yi haƙuri.

Sai na koma ta Baba. Na soke ɗan kifi ta baya, na rage masa wutsiya, na jefa gefe. Huɗu suka mutu a banza. Na biyar, rana ta yi ja ana shirin kiran magariba, zare ya miƙe. Tufi ne, ya kai tsawon hannuna daga gwiwa zuwa yatsu. Da matata ta fede shi ta sami ƙananan kifi uku a cikinsa, ɗaya ko narkewa bai fara ba.

Injiniya_Bash:
Alhamdu lillahi! Uku a ciki kuma ya ɗauki na huɗu. Yaya DanYauri ina kake?

DanYauri:
Ina nan. Kifi ɗaya a Lahadi huɗu, kuma da magariba, lokacin da kowane kifi ke fita ci ko an yi dabara ko ba a yi ba. Wannan bai karya maganata ba. Ya koma ya kamo biyar da rana tsaka sannan mu yi magana.

HajiyaMaiTarwada:
Ni dai na ce a gwada yamma, an gwada. Kwana huɗu kuma ba a yi ruwa ba, ku sa wannan a lissafi.

BabaSarkawa:
Huɗun da suka mutu, ka zurfafa ƙugiya ne ka taɓa ƙashi. Kuma ka riƙa canja ruwan bokitin.

Sani_Agege:
To Baba, na ji. Injiniya, mai ƙarfe biyun nan ana samun irinsa a Legas, ko sai na sake roƙon yaron? Wanda ya biyo shi ɗin nan ya fi wanda na kama girma nesa ba kusa ba, kuma na riƙe wurin, daidai wani busasshen kututturen kwakwa ne.

Abu_Mile12:
Kafin a samo, nawa za ka sayar mini da kan tufin?